Kance, Mu Ne Kamfanin Mawaƙanmu

Jama'ar Kance, manya da yara, maza da mata, da ku ƴan'uwa na Matamaye, Dungu, Kurni, Ishirnawa, Tsauni, Yawuri da Ɗan Barto, ina da tambaya, kuma na san ba za ta yi daɗin ji ba. Yaushe rabon da ɗayanmu ya sa hannu a aljihu ya biya mawaƙin ƙasar nan haƙƙin waƙarsa? Ban ce liƙin ganin ido a filin biki ba, wanda ake yi don a ambaci suna a lasifika. Ina nufin biya irin wanda muke yi wa tela in ya ɗinka riga, ko magini in ya ɗora azara. Kowa ya tambayi zuciyarsa.

Allah ya zaunar da mu a bakin hanya. Kwaltar da ta taso daga Takieta ta ratsa mu, ta bi Matamaye, ta faɗa Ɗan Barto, daga nan sai Daura, sai Kano. Duk abin da aka rera a situdiyoyin Kano da safe, kafin la'asar yana cikin wayar ɗan kabu-kabu a tashar Matamaye. Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, Ali Jita, Hamisu Breaker, yaranmu sun haddace su fiye da karatun lakwal. Ba ni da rigima da wannan. Harshenmu ɗaya, Daura gida ce, kuma mutanen nan sun yi aiki, sun ci guminsu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hanyar ta zama mai tafiya ɗaya. Rakenmu da wakenmu da dabbobinmu suna gangarawa kudu, waƙa tana haurowa arewa, amma waƙar ɗan Kance ko Takieta ba ta kaiwa.

Ku je rumfar mai cajin waya a kowace kasuwa ta ƙasar nan ku tsaya minti kaɗan. Ga wayoyi jere a kan tebur kamar an shanya su, ga tsohuwar kwamfuta a gefe, allonta ya tsage. Yarinya ta zo ta miƙa katin wayarta da dala goma ko ashirin, ta ce a cika mata. Mai rumfa ya zuba mata waƙoƙi ɗari biyu a zama ɗaya. A cikinsu akwai ta wani yaro da ke bayan masallacin unguwarsu, wanda ya sayar da tunkiyar da uwarsa ta kiwata masa ya je Damagaram ya buga waƙa uku. Mai rumfa ya samu nasa. Mai sayar da katin ya samu nasa. Kamfanin waya ma ya samu nasa in an tura ta WhatsApp. Mutum ɗaya ne bai ga ko dala ba a cikin wannan ciniki, shi ne wanda ya yi waƙar. Sau da yawa ko sunansa ba ya kan waƙar. Lamba ce kawai, ko a rubuta “sabuwa”. Wata rana ma sai ka ji an jingina ta ga wani mawaƙin Kano, don mai saye ya fi yarda da ita.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin da yaran nan suke kira situdiyo ba, ya daure ya shiga. Ɗaki ne ciki ɗaya, an manna kwalayen ƙwai a bango don murya kada ta yi amsa-kuwwa, an toshe taga da tsohuwar katifa. Fiyano ɗaya, makirfo ɗaya da aka ɗaure da roba, batirin sola a ƙarƙashin tebur. Ba a ɗaukar murya da rana, saboda injin niƙa da kukan babura. Sai dare ya raba, gari ya yi tsit, sannan a rufe ƙofa, zufa tana zuba, a yi ta maimaita baiti ɗaya har ya zauna. In wuta ta ɗauke kafin a adana, aikin daren ya tafi. Waɗanda suka yi wannan sana'a a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana lantarki aka kuma rufe iyaka bayan juyin mulkin watan Yuli, su suka san abin da suka gani: ba wuta, ba hanyar zuwa Kano, kayan gyara sun yi tsada. Duk da haka ba su daina ba. Mutumin da ya jure wannan ba ɗan wasa ba ne.

Da can ba haka abin yake ba, kuma dattawanmu suna raye, a tambaye su. Kowace sana'a da kiɗanta, kowane kiɗa da mai ciyar da shi. Mahauta suna da kalangu. Maƙera suna da dundufa. Ranar gayya makaɗin noma yana bayan samari da gangarsa, yana kiran sunan kowa da na kakansa, har wanda ya gaji ya ji kunyar miƙewa. In kaka ta yi, damin makaɗi yana cikin lissafi, ba alfarma ba ce. Fada tana da kakaki da algaita da tambari. Mata a cikin gida suna kifa ƙwarya a ruwa, ƴanmata suna da shantu da waƙoƙin gaɗa a dandali. Makaɗi yana samun hatsi, riga, akuya, wani lokaci har doki. Ma'azu Ɗan Alalo bai jira wani kamfani daga Turai ba kafin ya zama abin da ya zama a Damagaram. Fada da gari suka riƙe shi. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, iyayen gidansa da jama'ar da ke taruwa a gabansa su suka ɗaga shi tun kafin faifai da rediyo su kai muryarsa nesa. Barmani Choge da ƙwarya ta fito daga Funtuwa, matan aure suka yi mata riga da zane. Wannan tsari yana da aibinsa, ba na ɓoyewa: an ci moriyar maroƙi an kuma raina shi, ana kiransa biki amma ba a ba shi aure. Sai dai duk da rainin, ba a bar shi da yunwa ba. Mu kuwa mun riƙe rainin, mun yar da ciyarwar.

Ko a zamanin gwamnati an taɓa yin abin da za a tuna. A 1976, lokacin Seyni Kunce, a Damagaram aka buɗe bikin matasa na ƙasa na farko. Ƙungiyar matasa ta Samariya ce ke shirya gasa tun daga ƙauye, a hau kanto, a hau jiha, har a kai matakin ƙasa. Gaskiya ne an yi amfani da abin wajen yabon masu mulki, kuma waƙoƙi da yawa na lokacin umarni ne aka sa wa kiɗa. Amma akwai tsani. Yarinya mai murya a ƙauyen da mota ba ta zuwa tana iya hawa mataki-mataki har a ji ta a Muryar Sahel. Daga baya aka kafa gasar Ɗan Gurmu a Tawa, aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai a ƙarshen shekarun 1980. Duka suna da amfani, amma Yamai tana da nisan kusan kilomita ɗari tara daga nan, kuma matakan ƙasa na tsanin, waɗanda suka taɓa ƙauye, su ne suka karye.

Me ya karya su? Gayya ta koma ƙwadago, makaɗin noma ya rataye ganga. Biki ya koma na mai sono: a kawo manyan lasifiku biyu da janareto, yaro ya danna waya, a kwana ana rawa da muryar wanda bai san an yi bikin ba. Mai biki zai kashe kuɗi a kan anko, kujeru, rumfa, lemo da mai ɗaukar hoto, amma in aka ce a kira mai kalangu na unguwa ko yaron nan mai fiyano, sai ya ce ai ɗan gida ne, ya zo ya taya mu. Ɗan gida ba ya cin tuwo ne?

Sakamakon a bayyane yake. Mai baiwa yana da zaɓi biyu: ya bari, ko ya tafi. Fati Nijar ƴar Maraɗi ce, amma sai da ta je Kano aka san ta, har sunan ƙasarmu ya zama laƙabinta a can. Mdou Moctar, Buzu daga jihar Tawa, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008. Waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a cikin Sahara, ba suna ba lada, har wani Ba'amurke mai ƙaramin kamfani, Sahel Sounds, ya tsince su, ya sa ɗaya a wani faifai na waƙoƙin wayoyin Sahara a 2011, ya bi sawu ya nemo mai ita ya biya shi. Yau Mdou Moctar yana cika dandali a Amurka da Turai. Labari ne mai daɗi, amma ku duba shi da kyau: sai da baƙo ya tsallako teku kafin a tambayi sunan mai waƙar. Mu da muke saurarenta kullum ba mu tambaya ba. Kuma a kan kowane mutum ɗaya da aka tsinta haka, nawa ne suka koma tura baro a Kano ko haƙar zinariya a Jado, muryar ta mutu a maƙogwaro?

Na tsofaffi ya fi ban tsoro, don su ba tafiya suke yi ba, ƙarewa suke yi. Malam Mamman Barka, ɗan Taskar a nan jiharmu ta Damagaram, malamin makaranta ne mai kaɗa gurmi. Da ya ji cewa biram, kayan kiɗan Buduma na bakin tafkin Cadi, saura mutum ɗaya tak da ya iya shi, Bukar Tar, sai ya tattara ya je ya zauna a gabansa ya koya. Ba don haka ba da biram ya bi maigidansa kabari. Malam Barka ya kai shi ƙasashen duniya kafin shi ma ya rasu a 2018. To a nan ƙasar Kance fa? Mutum nawa suka rage da suka iya ɗaure goge tun daga farko, su rufe ƙoƙo da fatar guza, su zaɓi izgar doki, su goga ƙaro har ta yi kuka? Tsofaffi mata nawa suka rage da suka riƙe waƙoƙin daka da na niƙa da na reno, waɗanda injin niƙa ya kora daga tsakar gida? Wa ya san taken kowane gida na sarauta, da kirarin kowane ƙauye? Kowace shekara muna kai wasu makwanci, muna dawowa mu ce Allah ya jiƙan rai, ba wanda ya ce: an ɗauki muryarsa kuwa? Alhali wayar da za ta ɗauka tana cikin aljihun jikansa.

Saboda haka mu daina jiran wani kamfani. Babu mai zuwa daga Legas ko Faransa da takarda ya ce yaron Kurni ya sa hannu. Aikin da kamfanin waƙa yake yi ba sihiri ba ne: ya gano mai baiwa, ya biya kuɗin ɗauka, ya kai waƙa kunnen jama'a, ya tabbatar kuɗi sun koma ga mai ita. Babu ɗaya a cikin huɗun nan da ya fi ƙarfin mutanen Kance. Mu da muka san sassaben zamani ai ba sai an yi mana dogon bayani ba. Gawon da ya rufe gonakin Matamaye da Magarya da Mirya, har masana suke zuwa daga nesa suna kallo, ba daga waje aka kawo shi ba. Tohon yana nan cikin gona tun da, manomi ya daina sare shi ne kawai, ya gyara masa rassa, ya tsare shi daga awaki. Mawaƙanmu ma suna nan.

Ku masu biki, daga kanku za a fara, don a hannunku kuɗin yake. Wanda zai aurar da ƴa ko ya yi suna, ya sa mawaƙin gida cikin lissafi tun ranar da ake lissafin goro. A yi ciniki da shi a fili, a ba shi rabi kafin rana, a cika masa bayan an tashi. Mai sono ya zo, ba a hana shi ba, amma a ba makaɗi sa'a biyu da makirfo. Iyayenmu mata, ku kuka fi kowa iko a nan, don ku ne masu biki na gaskiya, maza rakiya suke yi. In uwar amarya ta ce sai an kira masu ƙwarya, an gama magana. Kuma kuɗin adashin da kuke tarawa, zagaye ɗaya ya isa ya kai yarinya mai murya situdiyo.

Ku masu tura waƙa a kasuwa, ba na kiran ku ɓarayi, don ku ne rediyon talaka, kuma ba ku kuka ƙirƙiro wannan hali ba. Amma ku rubuta sunan mai waƙa da garinsa a kan kowace waƙa. Wannan ba ya cin ko dala. Ku buɗe jaka guda a kwamfuta ku sa mata suna waƙoƙin gida, ku nuna wa mai saye. Sannan ku zauna da mawaƙan ku yi yarjejeniya: sabuwar waƙa ta fito, ku saya a hannun mai ita kafin ku fara rabawa. Kuna da ƙungiya ko ba ku da ita, kun san junanku. In manyanku biyar suka yarda, sauran za su bi.

Gidajen rediyon karkara, ku da kuke karɓar kuɗin gaisuwa da sanarwar biki daga hannunmu, muna neman sa'a ɗaya a mako, ta mawaƙan ƙasar Kance zalla. A kira su, a ji tarihinsu, a faɗi sunansu kafin waƙa da bayanta. A fita da rakoda zuwa ƙauyuka a ɗauko tsofaffi, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya.

Ku masu riƙe da komin, mun san asusun komin ba shi da nauyi, ba mu ce ku gina mana fada ba. Fili muke so da lasifika da fitila, dare ɗaya a wata. Ɗaki ɗaya mai sola inda yara za su yi gwaji ba tare da maƙwabta sun kira musu jandarma ba. Da kuma mutum ɗaya a ofis wanda zai taimaki mawaƙi ya cika takardun BNDA, hukumar da ke kare haƙƙin masu fasaha ta ƙasa, don da yawa daga cikin yaran nan ko sunanta ba su taɓa ji ba, kuma waƙar da ba a yi wa rajista ba, ranar da aka sace ta sai dai a yi Allah ya isa. Ranka ya daɗe Sarki, da hakimai da masu gari, ƙofar fada ita ce dandalin farko da ƙasar nan ta sani. In fada ta kira gasa bayan kaka, kowane ƙauye ya kawo makaɗinsa na gargajiya ɗaya da mawaƙin zamani ɗaya, babu wanda zai ƙi zuwa.

Na san akwai masu cewa kiɗa ba abin da mutumin kirki zai sa kuɗinsa ba ne. Malamanmu, Allah ya ƙara muku daraja, ba da ku nake jayayya ba, kuma abin da kuke ƙyama na batsa da cakuɗuwar banza ni ma ina ƙyamarsa. Amma ku duba: rashin kula da mawaƙan gida bai rage kiɗa a garin nan ba ko kaɗan. Ya dai sa abin da yaranmu ke ji ya fito daga inda ba mu da ta cewa. Mawaƙin da ke zaune a unguwarku, kuna sallah sahu ɗaya, kun san ubansa, shi ne wanda za ku iya kira ku ce gyara nan. Wanda ke cikin TikTok daga wata ƙasa ba ya jin kiranku. Kuma masu bege da masu waƙoƙin wa'azi da ɗalibai masu ƙasida, su ma cikin wannan kira suke, su ma ana kwashe musu aiki kyauta.

Yanzu ku mawaƙa, ku matso, don ba zan yi muku rufa-rufa ba. Wasu daga cikinku su suke kashe kasuwarsu da hannunsu. Ka ɗauki karin wani mawaƙin Kano, ka canza kalma uku, ka sa na'ura ta murɗe maka murya har uwarka ba ta gane ka ba, sannan ka ce ba a son na gida. Wanda ke da na asali a wayarsa me zai yi da kwafi? Kullum soyayya, kullum hawaye, kullum kalmomin da ko a gidanku ba a faɗa. In zaɓe ya zo kuma ku bi ɗan takara, ku zagi wanda jiya kuka yaba, a sallame ku da abin da ba zai kai wata ba. Ɗan Maraya Jos da kuntigi, tsirkiya ɗaya tak, ya yi wa karen mota waƙa, duniya ta saurara, don ya dubi mutumin da kowa ke gani ba wanda ya kula. Ku fa, me kuka duba?

Abin waƙa ya yi muku yawa a nan. Mai rake da ke kwana a fadama. Amalanken shanu a hanyar kasuwa. Ɗan canji a Ɗan Barto da naira a hannun dama, sefa a hagu. Matar da mijinta ya tafi ci-rani shekara uku ba aike. Kuma akwai babban ciwon da duk muka sani. A watan Oktoba na 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, kuma da yawansu daga wannan ƙasa tamu suka tashi. Tun daga lokacin, in an ambaci Kance a jaridun duniya, da wannan ake ambatonta: mata masu tafiya bara. Baƙi sun zo sun ƙirga mu, sun rubuta rahoto da Faransanci, sun tafi. Amma abin da ke sa uwa ta goya ɗa ta hau motar Agadas, da abin da take ji in an dawo da ita, da abin da kishiyarta ta ce, da abin da mijin ya yi shiru a kai, wannan rahoto ba ya iya faɗarsa. Mawaƙin da ya sha ruwan rijiyar garin ne zai iya, da Hausar garin, a kan kalangu ko a kan fiyano, duk ɗaya ne. Waƙa ɗaya ta gaskiya a kan wannan za ta shiga ɗakunan da jami'in gwamnati bai taɓa shiga ba.

Ku kuma haɗa kanku. Mai fiyano ya je ya gaida mai goge, ya roƙe shi ya shigo situdiyo, ya biya shi, ya sa sunansa. Ku daina ɓoye wa juna lambar mai biki. Ku tsayar da farashi wanda ba wanda zai sauka ƙasa da shi don ya kori ɗan'uwansa. Ƴanmata masu murya, waɗanda suka fi kowa shan suka, ku ba su wuri da rana tsaka, da sanin iyayensu, ba sai an ɓoye ba.

Ƴan fada, ku samari masu shayi a bakin titi, kuna da yawa, kuma kowace fada tana da asusunta. Ku zaɓi mawaƙi ɗaya na unguwarku ku ɗauki nauyin waƙa ɗaya a shekara. Ƴan Kance da ke Damagaram da Yamai da Kano da Legas da Libiya, kuna aiko kuɗin gini da na biki. Ku ƙara da kuɗin makirfo ɗaya mai kyau, kuma in waƙar gida ta iso wayarku, ku nemi lambar mai ita ku tura masa wani abu, ko jaka guda ce.

Kaka tana tafe. Kafin a gama ɗaure dami, kowace unguwa da kowane ƙauye su rubuta sunayen makaɗansu da mawaƙansu, tsoho da yaro, mace da namiji, a kai wa mai gari, mai gari ya kai fada, a ba komin kwafi. A fara da waɗanda suka fi tsufa, a je gidajensu da waya a cikin makon nan, a gaishe su, a ba su goro, a ce su rera. Sannan a sa ranar taro.